An shafe min zanen da na yi kwana 11 ina yi, ina da haƙƙi ko babu?

Mai Burushi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin shari'a a cikinmu ku ba ni haske, raina a ɓace yake tun jiya ko barcin kirki ban yi ba. Shekara biyu da suka wuce wani dattijo ya ba ni bangon gininsa na gefen titi ya ce in zana abin da na ga dama in dai ba batsa ba siyasa, da baki muka yi maganar babu takarda babu komai, ko sisi ban karɓa ba fentin ma ni na saya. Kwana 11 na yi a kan tsani, na zana wata tsohuwa riƙe da hannun jikarta za su tsallaka titi, tsayinsa ya kai hawa biyu. Hannun tsohuwar nan kaɗai sau uku ina gogewa ina sakewa saboda jijiyoyin sun ƙi fitowa yadda nake so. To Allah ya yi wa dattijon rasuwa, magada suka sayar da ginin, jiya da safe na biyo ta wurin na tarar an bi shi da farin fenti tas. Shafi ɗaya ma aka yi, in ka matsa kusa kana hango idon tsohuwar ta ƙarƙashin farin. Sunana da lambata suna nan a ƙasan zanen amma ba wanda ya kira ni. Shin doka ta san da zaman irina ko kuwa sai dai in haɗiye?

Baba Malam: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan dattijon, kai kuma ɗana Allah ya ba ka haƙuri ya musanya maka da mafi alheri. Bari Barista ta zo.

Hajiya Babba: Ni fa gaskiya ban ga abin tambaya a nan ba. Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi gini, bangon nasa ne, ya ga dama ya mai da shi fari ya ga dama ya mai da shi baƙi. Ka yi haƙuri ɗana ba wai ban tausaya maka ba ne, amma ni abin nan ya taɓa ni ta ɗaya gefen. Sau uku a shekara ɗaya ana zuwa cikin dare a fesa min wasu haruffa a katangar gidana da ko karanta su ba a iya yi, har kan ƙofar gareji, na sa yara su goga da tinna hannunsu ya yi ja warin ya hana mu zama a tsakar gida, ƙarshe sai da na kira mai fenti ya sake bin katangar gaba ɗaya don in ka shafe wurin kawai sai ya zama kamar faci a riga. Wa ya biya ni? Babu.

Mai Burushi: Hajiya ni ai da izini na yi, ba cikin dare na zo ba, da rana tsaka mutane na tsaye suna kallo, dattijon da kansa yake aiko min da kujera in huta.

Barista: Salam. Na karanta duka. Hajiya da Mai Burushi kowannenku yana da gaskiya a wani wuri, saboda abu biyu ne a nan mutane suke haɗa su su zama ɗaya. Akwai bango, akwai kuma zanen da ke kan bangon. Bango na mai gini ne, wannan ba gardama. Shi kuwa zane, wato siffar da ka ƙirƙira, haƙƙin mallakarsa na wanda ya zana ne tun daga lokacin da ya ɗaga burushi, ba sai ya je ya yi rajista ba, haka yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tsara kuma ƙasashe sama da 180 suna cikinta. Shi ya sa wanda ya sayi ginin ba shi da ikon ɗaukar hoton tsohuwar nan ya buga a riguna yana sayarwa ba da yardarka ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne shafewa. Yarjejeniyar ta ba mai zane haƙƙin a jingina masa aikinsa da haƙƙin hana a gurɓata shi ta yadda zai zubar masa da mutunci, amma ba ta fito fili ta hana a lalata shi gaba ɗaya ba, kowace ƙasa da yadda ta yi da wannan giɓin. Amurka ta fito ta yi magana a kai a wata doka ta 1990 da ake kira VARA, ta ce aikin da ya samu karɓuwa da daraja a idon masana da jama'a ba a lalata shi haka kawai, in a jikin gini yake kuma ana iya cire shi to mai ginin ya ba mai zanen notis na kwana 90 ya zo ya kwashe abinsa.

Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan ita ce ta 5Pointz a unguwar Queens ta birnin New York. Wani tsohon ginin masana'anta ne, mai shi Jerry Wolkoff ya bar masu zane suna aiki a jikinsa shekara da shekaru, shi ma da baki ya ba su izini kamar dai naka. Da ya tashi rushewa zai gina gidajen haya masu tsada suka kai ƙara, shi kuma bai jira ba a watan Nuwamba 2013 ya turo ma'aikata cikin dare suka bi zanukan da farin fenti. A Fabrairu 2018 alƙali Frederic Block ya yanke masa biyan dala miliyan 6.75 ga masu zane 21 a kan zane 45, wato dala 150,000 kowane zane, iyakar abin da dokar ta yarda a yanke kenan. Ya ɗaukaka ƙara ya faɗi a 2020, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraronsa a wannan shekarar.

Hajiya Babba: Innalillahi! Miliyan shida da ɗoriya a kan gininsa na kansa? Wannan ai zalunci ne Barista. Mutum ya yi musu alheri ya bar su shekaru suna fenti kyauta, sakayyar kenan?

Barista: Hajiya ba a hana shi rushe gininsa ba fa, ya rushe ya gina abin da yake so. Abin da ya ja masa shi ne gaggawar. Alƙalin ya nuna cewa da gangan ya yi, ginin ma bai rushe shi ba sai bayan watanni da yawa a 2014, da ya bari sun zo sun cire abin da zai ciru, wasu a kan katako suke wasu a kan allunan da ake iya kwancewa, da ba a kai nan ba. Kwana 90 kawai doka ta nema a wurinsa. Kuma tun farko da ya sa sun sa hannu a takarda cewa sun san wata rana za a rushe kuma sun yafe wannan haƙƙin, dokar ta yarda da hakan, da ba su da bakin magana. Rashin takarda duka ɓangarorin yake cuta, ba mai zane kaɗai ba.

Ɗan Feshi: To ni bari in faɗi tawa ko da za a ji haushi. Duk wannan maganar izini izini, ku sani da izini ake jira da wannan sana'ar ba ta wanzu ba kwata-kwata. Yaran da suka fara rubuta sunayensu a jiragen ƙasa na New York wajen 1970 wa ya ba su izini? Yara ne 'yan unguwannin da gwamnati ta manta da su, ba gidan baje kolin zane da zai buɗe musu ƙofa, sai suka mai da gari allonsu. Yanzu salon nasu ne a kan takalma da riguna da tallan motoci, manyan kamfanoni na cin kuɗi da shi su kuma an kira su 'yan ta'adi. Kuma allunan talla manya-manya da suka tsaya mana a ido kowace kwana wa ya tambaye mu kafin a kafa? Bambancin kawai su sun biya kuɗi mu ba mu da shi

Hajiya Babba: Su sun biya mai wurin, kai kuma ka zo katangata cikin dare ba ka biya ba ba ka tambaya ba, ka bar ni da kuɗin gyara. Wannan shi ne bambancin yaro. Ni ba gwamnati ba ce ba kamfani ba ce, da guminmu muka gina gidan nan.

Ɗan Feshi: Hajiya wallahi ni ban taɓa taɓa gidan mutum ba, a cikinmu ma masu hankali ba sa taɓa gidan zama da wurin ibada da maƙabarta da motar mutane, ƙarƙashin gada da kangon da aka yasar su muke nema. Wanda ya yi miki haka bai kyauta ba, na yarda. Amma a dubi yadda ake hukunci mana. A 2011 wata kotu a Landan ta ɗaure wani mai rubuta Tox a bango da jiragen ƙasa wata 27, mai gabatar da ƙara har yana cewa wai shi ai ba Banksy ba ne, wato shahararren mai zanen bangon nan na Ingila, ba shi da gwanintar. Shi kuma Banksy laifi ɗaya suke yi a idon doka, shi ma ba ya tambayar kowa, amma in ya zana a bangonka sai a zo a rufe da gilashin roba a tsare shi, darajar gidan ta tashi. Kenan doka kyan zane take hukuntawa ko shiga haƙƙin mutane?

Barista: Ɗan Feshi wannan tambayar taka tana da nauyi kuma ni ma tana damuna. A rubuce dokar ba ta san kyau ko muni ba. Dokar Ingila ta 1971 kan lalata dukiya cewa ta yi duk wanda ya lalata kayan wani ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba ya yi laifi, ko ka fi kowa iya zane a duniya. In ɓarnar ba ta kai fam 5,000 ba abin yana tsayawa a ƙaramar kotu, ɗaurin da bai wuce wata uku ba ko tarar da ba ta wuce fam 2,500 ba, in ta haura kuwa ana iya kaiwa shekara 10. Inda bambancin yake shigowa shi ne kafin a je kotu, mai bangon da ya wayi gari da zanen da zai sayar da kuɗi mai yawa ba zai kai ƙara ba, in babu mai ƙorafi kuma da wuya 'yan sanda su bi. To ka ga kasuwa ce take tace wanda za a kama. Amma ko shi Banksy ba kullum yake sha ba, a Satumba 2025 ya zana alƙali yana dukan mai zanga-zanga da gudumarsa a jikin ginin babbar kotu a Landan, cikin 'yan kwanaki aka kankare shi.

Maman Abba: Barista don Allah ki tsaya a nan wurin hukuncin, ni shi ya kawo ni. Ɗana shekararsa 15, watan jiya na ga gwangwanayen fentin feshi guda huɗu a ƙarƙashin gadonsa cikin tsohuwar jakar makaranta, yatsunsa duk shuɗi ya shiga ƙarƙashin farce. Na tambaye shi ya ce shi da abokansa suke zuwa bayan wani gini da ba kowa. Yaron yana da hannu wallahi, littattafansa duk zane ne, ba na so in kashe masa abin amma tsoro nake ji. In aka kama shi me zai iya faruwa?

Barista: Maman Abba tsoronki yana kan hanya. Ki sani kangon da ba kowa a ciki ma yana da mai shi, ko mutum ko hukuma, kuma sau da yawa laifi biyu ake haɗa wa yaro, na shiga wurin da ba nasa ba da na ɓata dukiya. Sannan ƙofa biyu ce, akwai hukuncin laifi akwai kuma biyan kuɗin gyara, kuma ta biyun ce take daɗewa tana bin mutum. A Jamus misali tun 2005 suka gyara sashe na 303 na dokar laifukansu ya zama ko ba ka fasa komai ba, in ka canja kamannin kayan wani sosai ba da izini ba ka yi laifi, ɗauri har shekara 2 ko tara. Yaro daga shekara 14 ana iya gurfanar da shi a can, kuma in kotu ta yanke masa biyan kuɗin gyara bashin yana iya binsa har shekara 30, ya fara aiki ya yi aure ana cire masa. A Faransa in ɓarnar kaɗan ce tarar yuro 3,750 ce da aikin yi wa jama'a hidima, in ta yi yawa shekara 2 da yuro 30,000. A jihar Kalifoniya in ɓarnar ta kai dala 400 ana iya ɗaukarta babban laifi, kuma in yaro ba shi da kuɗin tara iyaye ake bi. Jirgin ƙasa ya fi komai tsada, don ba fentin kaɗai za a lissafa ba har da ranakun da taragon ya yi ba ya aiki.

Abin da ya fi ɗauri ciwo a wurina shi ne sunan yaro ya shiga kundin masu laifi, ya zo neman aiki ko biza a tambaye shi ko an taɓa hukunta shi.

Baba Malam: Ni abin da nake tunawa shi ne na Singafo a 1994. Wani yaro Ba'amurke Michael Fay ɗan shekara 18, aka same shi da fesa wa motoci fenti da satar alamomin titi, aka yanke masa wata huɗu a gidan yari da tara da bulala shida. Shugaba Bill Clinton da kansa ya sa baki, duk abin da ya samu shi ne aka rage bulalar ta koma huɗu, kuma aka yi masa. Lokacin muna sauraro a rediyo ana ta cece-kuce. Ba su daina ba kuma, a 2010 sun yi wa wani ɗan Suwizalan bulala uku kan fesa wa jirgin ƙasa fenti, a 2015 wasu Jamusawa biyu su ma bulala uku-uku da wata tara. Ni ban ce a yi wa yaran mutane haka ba, amma ya kamata matasa su san akwai inda gwangwanin nan yake kai mutum.

Ɗan Feshi: Baba akwai inda ya fi bulala ma. Michael Stewart, baƙar fata ɗan shekara 25, 'yan sandan jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York suka kama shi a 1983 kan rubutu a bangon tasha, aka kai shi asibiti a sume, kwana 13 ya rasu, 'yan sandan da aka gurfanar duk aka sallame su. A Bogota ta Kolombiya a 2011 ɗan sanda ya harbi Diego Felipe Becerra ta baya, yaro ɗan shekara 16 yana zane a gada, sannan aka yi ƙoƙarin a ce wai ɗan fashi ne har aka ajiye bindiga a wurin. Iyayensa ba su haƙura ba sai da gaskiya ta fito aka yanke wa ɗan sandan shekara 37. Shekara biyu bayan kashe yaron nan shahararren mawaƙi Justin Bieber ya zo garin ya yi feshinsa a bango 'yan sanda na tsaye suna gadinsa. Ku gaya min yadda matashi zai ga wannan ya girmama dokar. Fenti ne fa, ana shafe shi, rai kuwa ba ya dawowa

Maman Abba: Ya Salam. Shekara 16, kusan sa'an Abba. Jikina ya mutu wallahi.

Barista: Maman Abba kar ki tsaya a tsoron kawai. Bayan abin da ya faru a Bogota hukumar birnin ta fitar da doka a 2013 ta tsara inda aka yarda a yi zane da inda aka hana, aka fi karkata ga tara da sa mutum ya goge maimakon a ɗauke shi kamar ɗan fashi. Birazil ma a 2011 ta raba abu biyu a dokarta, zanen da aka yi da yardar mai wuri don ƙawata shi ba laifi ba ne, rubutun ɓata bango kuwa yana nan a laifi, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai 18 ba fentin feshi. Ingila ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 16 tun dokar 2003. Akwai kuma bangayen da aka sakar wa kowa, kamar ramin Leake Street a Landan tun 2008. Ki zaunar da shi ki ce ba ki hana shi zane ba, amma sai inda mai wuri ya ce to, ko ki sama masa manyan allunan katako ya yi a gida, ki kuma raka shi da kanki ya tambayi masu bango, za ki yi mamakin yawan waɗanda za su yarda in suka ga uwa a tsaye.

Mai Burushi: Maman Abba in ya samu bango ki ce ya fara da ƙarami, kuma ya sa takunkumi mai kyau ba ƙyalle ba, hayaƙin fentin nan yana cin ƙirji. Barista ki yi haƙuri in dawo da ke kan nawa. Yanzu wanda ya yi ba izini shi ba shi da haƙƙin komai kenan, ni kuma mai izinin baki ina ina?

Barista: Wanda ya yi ba izini, maganar hana a shafe ba ta taso ba, wata kotu a New York tun 1997 ta ce dokar VARA ba ta kare aikin da aka ɗora a dukiyar wani ba da yardarsa ba. Jikin bangon ma da fentin da ke kai na mai gini ne, har yana iya yanke shi ya sayar. An yi haka da wani zanen Banksy na yaro yana ɗinki da keke a unguwar Wood Green ta Landan, a 2013 aka wayi gari an ciro shi daga bangon sai ga shi a gwanjo a Miami, 'yan unguwa suka yi ta bore aka janye shi, daga baya dai aka sayar a Landan. A garin Folkestone kuma ɗan haya ne ya yanke wani zanen Banksy ya tura Amurka, babbar kotu a 2015 ta ce ba nasa ba ne, ɓangaren mai gidan ne da shi, aka dawo da shi.

Amma ko mai feshin dare yana da haƙƙin mallakar siffar da ya zana? Nan ake ta ja. A 2018 kamfanin H&M ya yi tallan kaya a gaban zanen wani mai feshi da ake kira Revok a Brooklyn ta New York, lauyansa ya rubuta musu su daina, su kuma suka garzaya kotu suna cewa aikin da aka yi ta haramtacciyar hanya ba shi da kariya. Masu zane suka taso musu a intanet ana kiran a ƙaurace wa kayansu, cikin 'yan kwanaki suka janye ƙarar, don haka alƙali bai kai ga yanke komai ba. Ni a fahimtata laifin da ya yi wa mai bango daban, a hukunta shi a kai, amma hakan bai mai da basirarsa ganimar kamfani na uku da ba ruwansa da bangon ba.

Kai kuma kana sama da wannan nesa ba kusa ba. Izinin baki izini ne, wahalarsa kawai tabbatarwa, ga shi mai bayarwa ya rasu. Kana da shaida?

Mai Burushi: Akwai saƙon murya da ya turo min a WhatsApp ranar da na gama yana sa min albarka yana cewa bangon ya zama nawa, ban goge ba. Akwai hotonmu tare a gaban zanen, maƙwabta ma duk sun sani. Wata jarida ta intanet ta taɓa sa hoton a labarinta. Sannan wani abu da na gani ɗazu, tallan da sabon mai ginin ya sa na neman 'yan haya har yanzu da tsohon hoton yake amfani, tsohuwar da jikarta suna nan ɓaro-ɓaro sun cika rabin hoton.

Hajiya Babba: To wannan kam bai yi ba. Ka shafe abu kuma kana talla da shi? A nan ina bayanka ɗana.

Barista: Yawwa. Yau ɗin nan ka kwafe saƙon muryar ka ajiye a wuri biyu, ka ɗauki hoton tallan yadda kwanan wata zai fito, ka ajiye labarin jaridar don shi ne irin abin da ake nuna wa kotu cewa aikin ya samu karɓuwa, a 5Pointz ma irin waɗannan aka tara da shaidar masana. Maganar tallan tana iya fin ta shafewar ƙarfi amma ita ma ta danganta da dokar inda kake. Jamus ta yarda a ɗauki hoton aikin da ke dindindin a bainar jama'a daga kan titi ko da na kasuwanci ne, Faransa tun 2016 ta buɗe ƙofar ga gine-gine da sassaƙe-sassaƙe kawai kuma ban da neman kuɗi, ita kuma Ingila sassaucin nata bai haɗa da zanen bango ba. Ka nemi lauyan da ya san haƙƙin mallaka a inda kake ya duba maka abu biyu, ko dokarku ta ɗauki shafewa a matsayin taɓa mutuncin mai aiki, da kuma ko ta yarda a yi talla da hoton. Kar ka fara da kotu, shari'ar 5Pointz shekara bakwai ta ci. Wasiƙa tukuna.

Baba Malam: Ni da za a ji tawa, Hajiya ki ba yaron nan katangarki ya zana miki wani abu mai kyau, an ce masu feshin dare ba sa taɓa inda ɗan'uwansu ya yi aiki, kin huta da tinna shi ma ya samu bango.

Hajiya Babba: A'a Malam, ni katangata fara nake sonta, haka maigidan ya bar min ita kuma haka zan bar ta. Ba sai na ba da bangona ba kafin a ƙyale ni in zauna lafiya.

Ɗan Feshi: Gaskiyarki ne Hajiya, haƙƙinki ne. Maganar Baba ma gaskiya ce yawanci ba a hawa kan aikin wani, amma ba dole ba ne. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa wata 27 a kan suna a bango ya yi yawa, a sa mutum ya goge da hannunsa ya biya kuɗin fenti ya wadatar.

Mai Burushi: Barista ni ba kuɗinsa nake so ba wallahi, so nake ya cire hoton daga tallan ko ya sa sunana, kuma in zai yarda a gwada wanke farin tunda shafi ɗaya ne kuma na sa wa zanen vanish mai kauri a sama lokacin da na gama, in fentin ruwa suka shafa yana iya fita bai ci na ƙasan ba in aka yi da wuri. Gobe da sassafe zan je in ɗauki hoton idon kafin su yi shafi na biyu. A wasiƙar kwana nawa ya kamata a ba shi ya amsa?

Barista: Kwana 14 ya isa, amma maganar shafi na biyu kar ka jira wasiƙa, gobe in ka je ka nemi mai ginin ko wakilinsa ka roƙe shi da girmamawa a dakata da fentin, ka tafi da maƙwabci ɗaya da ya san dattijon. Kar ka taɓa bangon da kanka ko da soso ne sai ya ce to, kuma wannan karon ya ce to ɗin a rubuce.